Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin Jami'ar Maraɗi: wa zai gaji malaman kiwon da suka haɗa aji da gari?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da Shugaban Tsangayar Aikin Gona da Kimiyyar Muhalli, da malamanmu na fannin kiwo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ku da iyali, da fatan aiki yana tafiya yadda ake so.

Ranku ya daɗe, ni ma'aikacin lafiyar bisashe ne a wannan jaha. Aikina allurar rigakafi, fiɗiyar bunsuru, duba nama a mahauta, da amsa kiran mai akuyar da haihuwa ta zo wa da gardama. Ba ni da digirin da zai ba ni kujera a taronku, shi ya sa na rubuto a fili, inda makiyayi da dillali da matar da ke da awaki uku a bayan ɗaki za su ji idan wani ya karanta musu. Magana ɗaya ta kawo ni. Tsarar malaman kiwon da suka yi rabin aikinsu a aji, rabi a cikin jama'a, tana ƙarewa, kuma ban ga ana shirya masu ɗaukar rabin nan na biyu ba, wanda ba a biyan albashi a kansa, ba a kuma ƙara wa kowa girma dominsa.

Akwai wani dattijo a garin nan, farfesa ne a fannin kiwo, ya yi ritaya. Shi ya koyar da ni a makarantar aikin gona. Ba zan kama sunansa ba, Malam kawai zan kira shi, don na san halinsa, zai aiko a kira ni ya yi mini faɗa. Kuma ba shi kaɗai nake nufi ba, irinsa nake nufi, su ƴan kaɗan ne da suka rage tsakanin nan da Tawa da Damagaram. Hanyar da tsararsu ta bi sananniya ce: ɗan ƙauye da aka sa lakwal, wani lokaci uban ma ba ya so, daga nan makarantar raya karkara ta Kollo ko jami'ar Yamai, masu rabo su wuce Dakar, makarantar likitancin dabbobi ta ƙasashen yankinmu da aka buɗe a 1968. Sun tashi farin 1973 da 1974 yana idonsu, suna kama aiki kuma farin 1984 ya tare su a hanya. Malam ya fara aiki can arewacin jaha, wajajen Dakwaro, shekaru kafin ya riƙe alli. Mutumin da ya ga Bafillace ya ba da saniya a kuɗin da bai sayi buhun hatsi ba, ya ga an binne garke a bakin rijiya, in ya shiga aji daga baya koyarwarsa dabam take.

Ga misali. Kowane ɗalibin kiwo ya haddace cewa dabbar da ta kai kilo 250 tana buƙatar kilo 6.25 na busasshen abinci a yini, ana kuma ƙirga ranin ƙasarmu kwana 270, wato kusan tan 1.7 ke nan kafin sabuwar ciyawa ta fito. Da wannan ma'auni ma'aikatar kiwo ke fitar da lissafin ciyawa na shekara bayan damina, a ce akwai giɓi ko rara. Malam yana koyar da shi kamar kowa, sannan ya ɗora nasa. Sai mun juya tan ɗin nan zuwa damin harawa da buhun dusa da amalanken kara, da farashinsu a kaka da farashinsu a bazara, sannan ya tura mu wurin mai shanu mu gaya masa, da Hausar da zai gane, guda nawa ya kamata ya sayar tun suna da nama a jiki don sauran su kai damina. In ka dawo makiyayin bai fahimce ka ba, a wurin Malam ba ka ci darasin ba, ko lissafinka ya yi daidai har ɗigo.

A lokacin, ranar Litinin da Juma'a kuwa, in ba shi da aji, a kasuwar bisashe za ka same shi, babbar riga a naɗe a kafaɗa, yana buɗe bakin rago. Tunkiya ba ta fidda manyan haƙoranta biyu na farko sai ta wuce shekara, saniya kuma sai wajen shekara biyu, kowane dillali ya san wannan tun kafin a haife mu. Abin da Malam ke zuwa yi shi ne sauraro: daga ina bisashen makon suka fito, me ya sa ƴan Sabon Mashi suka sauke farashi, wace cuta ake raɗe-raɗinta a kwarin Tarka, yaya faɗuwar Naira ta taɓa masu kai raguna Jibiya ta Ɗan Isa. Labarin annoba yana isa kasuwa kwanaki kafin ya isa ofis a takarda. Dillalai sun saba da shi har suna kawo masa ƙarar juna.

Bari in tsaya a kan jar akuya, don a nan ne abin da nake faɗa ya fi fitowa. Duniya ta san sunan garin nan saboda ita. Gajera ce, mai gashi ja mai sheƙi, cikinta wata biyar, tagwaye a wurinta ba abin mamaki ba ne, in ta samu kulawa tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu, ga nono da ya ishi ƴaƴanta ya rage na fura. Fatarta mai laushi ce da ƙarfi, tun zamanin ayari take ƙetare Sahara, Turawa suna kiranta fatar Maroko alhali daga ƙasar Hausa ta fito. Saboda ita aka kafa cibiyar kiwon awaki ta Maraɗi a 1963, don a tsare irin, a kuma raba bunsurai masu kyau cikin ƙauyuka. Saboda ita aka yi masana'antar jima ta SONITAN a garin nan, wadda yau sai dai dattawa su ba da labarinta. Fatun kuwa suna nan suna tafiya Kano da gishiri a jikinsu, wani ya jeme ya ci ribar.

Irin kuma yana gurɓata a hankali. Doguwar akuyar arewa tana shigowa, bunsuru yana yawo sakaka a cikin gari, jikar jar akuya ta fito da dogayen ƙafafu da farin tabo, ta rage tagwaye. A unguwar da aka bar bunsuru ɗaya yana hawan ƴaƴansa da jikokinsa kuwa, ƴan awaki sai su riƙa fitowa ƙanana, marasa ƙwari. Duk wannan yana cikin littattafai, an yi rubuce-rubucen kammala karatu a kansa ba iyaka. Amma akuyar tana hannun mata, a cikin gidaje, inda littafi ba ya shiga, inda namiji baƙo ma ba ya shiga sai da iznin maigida. Malam ya yi shekaru yana bin ƙungiyoyin mata, yana zama a zaure su kuma suna daga ciki, ko ya tafi da ɗalibansa mata su shiga su dubo masa. Ya koya musu su riƙa musanya bunsuru da wata unguwa kafin ya kai ga ƴaƴansa, su fiɗiye wanda ba a so tun yana ƙarami, su sa yaron gida mai zuwa lakwal ya rubuta ranar haihuwa da yawan ƴaƴa a bayan littafinsa. Ya je wurin mahauta ya nuna musu nawa suke asara a kowace fata da wuƙa ta huda, ko aka shanya a ƙasa rana ta ƙone ta.

Ƙungiyoyin agaji sun ara al'adar Fulani ta habbanaye, a ba mace akuya aro ta haihu, ta riƙe ƴaƴan, uwar ta wuce hannun wata. Tsari ne mai kyau. Sai dai mu da ke ƙasa mun sha ganin yadda yake lalacewa: a tattaro awaki daga kasuwanni uku, a zaɓe su da launi kawai, a cusa su mota ɗaya, a raba ba a keɓe su ba, ba a yi musu rigakafi ba. Bayan mako biyu majina da zawo da gyambon baki su tashi, baƙin awakin su mutu, su tafi da na gida da mace ta daɗe tana tattali. Malam ya sha tsayawa a gaban masu irin wannan rabo yana cewa a dakata, a keɓe, a yi allura tukuna, kuma ya sha rasa gayyata ta gaba saboda haka. Ni a ganina ranakun nan da ya ɓata wa manya rai sun fi wasu maƙalu goma amfani ga jahar nan.

Cutar da nake nufi ita ce PPR, annobar tumaki da awaki. Ƴar'uwarta bushiya, wadda ta sha share garken kakanninmu, an sanar da kawar da ita daga duniya a 2011, ita kuma wannan an sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita. Allurar tana nan, tana da ƙarfi, dabbar da aka yi wa tana samun kariyar shekaru, in dai an riƙe maganin cikin sanyi tun daga Yamai har bakin garke. Me ya hana a gama? Mutane. Wani yana ɓoye rabin garkensa don tun zamanin jangali ya gaji tsoron duk wanda ya zo ƙirga dabba. Wani kuma ba ya yarda a yi wa ragonsa alama a kunne, alhali da alamar muke gane wanda aka yi wa allura, don yana tsoron ragon ba zai yi layya ba. Mu ƙananan ma'aikata mun yi ta bayani a banza. Malam bai tsaya jayayya da masu raguna ba, ya ɗauki almakashin alamar ya tafi wurin limamai, ya nuna musu girman abin da ake cirewa, su da kansu suka duba suka ce a mazhabarmu ta Malikiyya yankan da ya wuce sulusin kunne ne ke hana layya, wannan kuwa bai kusa ba. Suka faɗa a masallaci. Wane ɗakin bincike ne zai warware wannan? Sai mutumin da ke sallar asuba a sahu ɗaya da su shekara da shekaru, wanda aka sani a suna da jana'iza, wanda ya riƙe kuɗin gyaran masallacin unguwa ba a taɓa jin ko dala ta ɓace ba.

Sai babbar magana, ta manomi da makiyayi. Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin dokokin. Dokar 1961 ta ja iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga kiwo, yau kuwa gonaki sun haye ta sun yi nisa. Kundin dokokin karkara na 1993 ya kawo hukumomin filaye, COFO, tun daga gunduma har ƙauye. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin tafiya da dabbobinsa, ta kare burtali da mashaya, ta tsara yadda ake sa ranar rufe gonaki da ranar sakinsu. An dasa turakun siminti a gefen burtulla da yawa a jahar nan. A takarda ba mu rasa komai ba. Amma jahar da ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum miliyan 3.4 a cikinta, a yanzu kuma Allah kaɗai ya san yawanmu, kowace damina garma tana ɗan gutsurar burtali taku ɗaya, taku biyu. Inda garma ta bari, garmani ya cinye, ciyawar da dabba ba ta ci in tana da zaɓi. Da can manomi ne ke roƙon Bafillace ya sauka a gonarsa bayan girbi don taki, har ya ba shi hatsi. Yanzu manomin shi ma yana da shanun huɗa da ragunan turke, yana kwashe kara da harawa ya ɗora a kan itace ko ya sayar, makiyayi ya iso ya tarar da gona fes. Ga ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane da suka addabi iyakar Madarunfa da Gidan Rumji, har garkunan da suka saba wucewa kudu suna tsayawa a nan suna jira, gonaki kuwa ba a gama girbe su ba.

Mu mutanen Maraɗi ba ma buƙatar a gaya mana inda wannan ke kaiwa. A watan Oktoba na 1991, a Toda, an kashe Fulani fiye da ɗari, yawancinsu mata da yara. Duk wanda ya yi aikin kiwo a jahar nan bayan wannan shekara, da abin a ransa yake aiki.

Malam ya zauna a hukumar filaye a matsayin masani, ba sisi. Abin da yake kawowa zaman sulhu shi ne abin da hakimi da jandarma ba su da shi. In manomi ya ce shanu sun cinye masa dami hamsin, Malam zai auna wurin da aka tattake, ya ƙirga zangarniya a inda ba a taɓa ba, ya fitar da tiya nawa wurin zai iya bayarwa, a gaban kowa, da ƙarfi, don mai gona da mai shanu su bi lissafin da kansu. In makiyayi ya rantse bai bi ta nan ba, sawun kofato da ɗanyen kashi suna da abin faɗa, kuma Malam ya iya karanta su. Yana jin Fulatanci, saboda haka arɗo ba ya buƙatar tafinta da zai rage masa magana ko ya ƙara. An zage shi ta kowane ɓangare. Manoma sun ce ya zama ɗan Fulani, makiyaya sun ce ai Bahaushe ba zai ƙi nasa ba. Amma in rikici ya taso a shekara mai zuwa, su dukansu shi suke cewa a kira. Ya kuma yi shekaru yana shiga gidan rediyo kafin girbi yana bayyana dokar kiwo da Hausa, sashe bayan sashe, mutane suna bugo waya suna musu da shi.

To me wannan duka ya ƙara masa a aiki? Abokan karatunsa sun riga shi zama farfesa da shekaru masu yawa. Ba wanda ya zalunce shi, ma'aunin ne haka. Malamin jami'a a ƙasashenmu yana hawa mataki ne ta hukumar CAMES da ke Wagadugu, kuma abin da ya fi nauyi a sikelinta shi ne maƙalun da aka buga a mujallun kimiyya, da Faransanci ko Ingilishi, da ɗaliban da mutum ya jagoranta. Ban raina wannan ba. Ba don bincike ba da ba mu san cewa kilo 4 zuwa 5 na takin yuriya, in an narka shi a ruwa aka yayyafa wa kilo 100 na kara aka rufe mako biyu zuwa uku, yana mai da busasshen kara abincin da ke riƙe saniya a bazara ba. Amma wanda ya taɓa ganin sa ya faɗi yana kumfa don maigidan ya ji rabin bayani ya ba shi takin kai tsaye, ya san binciken bai ƙare ba sai an kai shi turke daidai. Matashin malami mai iyali, da aji cike da ɗalibai, in ya samu yini guda na kansa, zai zauna ya rubuta maƙala ne, ba zai tafi Barmo sulhun rijiya ba. Da ni ne shi, abin da zan yi ke nan. In ya fita kuwa, galibi a ƙasar nan baki ɗaya, motar furoje ce ta ɗauke shi zuwa taron bita a otal, a raba takarda da kuɗin zama a watse. Wannan ma aiki ne, amma kada a kira shi shiga jama'a.

Ba ku kuka kafa sikelin Wagadugu ba, ban kuma ce ku karya shi ba. Amma akwai abin da ke hannunku. Ku kuke ƙirga awowin aikin malami. Me zai hana yinin da ya yi a zaman COFO, ko a gidan rediyo, ko tare da ƙungiyar mata masu awaki, ya shiga lissafin awowinsa kamar yadda aji ke shiga, da shaidar shugaban ƙaramar hukuma ko hakimin wurin? In aka yi haka, malamin da ke da wannan baiwa ba zai riƙa satar lokacin iyalinsa yana yi ba, kuma in kuka tura takardunsa gaba, aikin yana rubuce da hatiminku. Wakilanku suna zama a tarukan CAMES ɗin nan, muryar Maraɗi tana iya neman a ƙara wa wannan ɓangare nauyi.

Ku kuke karɓar rubutun kammala karatu. Ɗalibi ya je ƙauye wata uku, ya auna awakin mutane, ya sha furarsu, ya cika takardun tambayoyi, ya dawo ya kare rubutunsa da Faransanci a gaban malamai, a tafa masa. Mutanen ƙauyen ba za su sake jin ɗuriyarsa ba, kuma shekara mai zuwa wani zai zo da tambayoyi iri ɗaya. Sun fara gajiya, ina gaya muku, wasu sun koyi ba da amsar da za ta sallami baƙo da wuri, alƙaluman da ke shiga maƙalu ke nan. Ina roƙo a sa sharaɗi: ba a ba ɗalibin kiwo sakamako sai ya koma inda ya yi bincike ya faɗa musu abin da ya gano, ya kuma haɗa shafi biyu da Hausa ko Fulatanci a cikin rubutunsa. Tun Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa. In akwai fannin da ya kamata ya riga kowa cin moriyar wannan, kiwo ne, don masu dabbobin da harsunan gida suke kiwonsu. Ɗalibin da ya yi ƙoƙarin bayyana wa tsohuwa dalilin da zai sa ta zubar da nonon akuyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta har kwanakin maganin su wuce, shi zai gane ko ya fahimci darasin ko haddacewa ya yi.

Wannan maganar magani ma ta ishi malami guda aikin rayuwa. Ku zaga kasuwannin ƙauye ku ga allurai a kan tabarma cikin rana, wasu na jabu, wasu sun wuce lokaci, mai saye yana auna wa sa da ɗan akuya da ido. Ga leda da muke cirowa daga tumbin bisashe a mahauta, curi-curi, duk da dokar hana ta da aka yi tun 2014. Wa zai tsaya a gaban hukumomin gari ya faɗi wannan da hujja, a saurare shi, in ba mai digiri da mutunci ba? Ni in na faɗa, an ce mai allura ne yake kare kasuwarsa.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma suna da gaskiya: ƙofar shiga jama'a ita ce ƙofar shiga siyasa, malami ya fara da sulhun burtali ya ƙare da neman kujera, aji ya zama kango. Yana faruwa. An sha yi wa Malam tayin takara, ya ƙi, don ya san ranar da ya sa hular wani ɓangare rabin masu kiransa sulhu za su daina. Maganin wannan haɗari shi ne aikin ya zama na jami'a, ita ke turawa, ita ke karɓar rahoto, ita ke janye wanda ya karkace. Barin sa ga son ran mutum shi ke sa mai kirki ya gaji, mai buri ya mai da shi tsani. Sunan da ke ƙofar jami'arku ma na ɗan garin nan ne, masanin kimiyya da ya yi ministan ilimi, ya kuma shugabanci hukumar haɗin kan al'adu da fasaha ta ƙasashe masu amfani da Faransanci daga 1974 zuwa 1982. Bai ɗauki hidimar jama'a a matsayin raguwar ilimi ba.

Saura dattawan su kansu. Jami'arku ta 2010 ce, yarinya ce, mafi yawan abin da tsarar Malam ta sani ya faru kafin a aza tubalinta, kuma ba a rubuce yake ba. Wace rijiya ce ta wane dangi a arewacin Dakwaro, wane alkawari aka yi a kanta, a gaban wa. Ta ina tsohon burtali ya bi kafin gonaki su haɗiye shi. Wace dabara aka gwada a 1984 ta ci, wace ta kashe dabbobi, me aka maimaita a yunwar 2005 da 2010 da bai kamata a maimaita ba. Wane ƙauye ne har yanzu ke da jar akuya tsantsa da za a iya ɗebo bunsuru daga can. Malam yanzu ido ya yi rauni, ba ya tuƙi, amma kansa garau yake, kuma yini yake a ƙofar gida mutane suna zuwa da tambaya. Ku ba irinsa kujera a tsangaya, ko sau ɗaya a wata, ba don biki ko lambar yabo ba, don su zauna da matasan malamai da taswira a gaba. Ku haɗa kowane dattijo da ɗalibi biyu masu na'urar ɗaukar murya, a rubuta abin da suka faɗa da harshen da suka faɗe shi, a ajiye a ɗakin karatunku inda ma'aikacin COFO zai iya zuwa ya duba. Kuɗin wannan bai kai na taron bita guda ba.

Girbi yana zuwa, za a zauna a gundumomi a tsayar da ranar sakin gonaki kamar kowace shekara, da hakimai da wakilan manoma da na makiyaya. Ina roƙon a ga malamin kiwo daga jami'arku a kowane zama, daga Tasawa da Mayahi har Gidan Rumji, da ɗalibai biyu ko uku a bayansa, su ji yadda ake ja-in-ja a kan mako guda, su kuma kawo lissafin ciyawa da na girbi a teburin. Masauki ba zai gagara ba. Mu ma'aikatan kiwo na ƙananan hukumomi za mu karɓe su, mu ɗora su a bayan baburanmu zuwa rugage da mashaya, mu haɗa su da arɗo da mai gari. Abin da ba mu da ikon yi shi ne rubuta takardar da za ta turo su, wannan sai ofishinku.

Allah ya taimake ku, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku. Wassalam.

Naku,
Wani tsohon ɗalibin kiwo, ma'aikacin lafiyar bisashe a jahar Maraɗi.